Ɓerayen ɗakin gwaji da haihuwar masu ciwon daji

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in tanka wa masu dariya, wai masana sun rasa aikin yi sai dasa wa ɓeraye ma'ajiyar ƙwai, wato gaɓar da ke ajiye ƙwan haihuwa a jikin mace. Ƙanwata ta sha maganin ciwon daji tana da shekara 23. Allah Ya ba ta lafiya, amma tun daga lokacin al'adarta ta ɗauke, ba ta dawo ba. Maganin da ya kashe cutar shi ya ƙone mata ƙwai, kuma babu likitan da ya zaunar da mu ya faɗa mana haka kafin a fara.

A jikin ɓera aka fara ganin mafita. A 1960 wata mai bincike a Landan, Delphine Parrott, ta daskarar da ma'ajiyar ƙwan ɓera, ta narkar da ita, ta dasa, aka samu 'ya'ya. Cikin ɓera kusan kwana 20 ne, don haka ba a daɗewa ake sanin ko dashen ya kama. Wahalar tana kwanakin farko. Ɗan yankin naman da aka dasa ba shi da jijiya, sai ya jira sababbin hanyoyin jini su tsiro su shige shi, kafin nan ƙwai masu yawa sun mutu. Har yau wannan asarar ake neman ragewa.

Daga ɓera aka koma kan tumaki a Edinbura a 1994. A 2004 wata mata da ta warke daga ciwon daji ta haihu a Beljiyam bayan an mayar mata da naman ma'ajiyar ƙwanta da aka cire aka daskarar tun kafin a fara mata magani. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na wata mai sikila, ita ma a can, da aka cire mata ma'ajiyar ƙwai aka daskarar tana da shekara 13 kafin dashen ɓargo. Ta girma, aka mayar mata, ta haifi ɗa namiji a 2014.

Ba kowa yake yi wa aiki ba. Ga mai kansar jini, ana tsoron a dawo mata da cutar tare da naman. Duk da haka ina roƙonka, Edita, ka tura wakilinka wurin likitocin mata su yi mana bayani, domin uwar da za a fara yi wa 'yarta magani ta san abin da za ta tambaya tun kafin allurar farko.

Naka,
Wani mai karatu