Wasiƙa Zuwa ga Ƙawata Kan Girkin Lokacin Kaka

Assalamu alaikum, ƙawata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan Kano sai godiya. Ruwa ya fara ja da baya, gero ya nuna. Shekaranjiya aka kawo mana tumu daga ƙauye, na gasa a garwashi, na murje a tafin hannu ina hure ƙaiƙayin, sai kika faɗo mini a rai, don na san da kina nan ba za ki bar mini ko zangarniya ɗaya ba.

Na ga hotunan da kika turo na kabewa jibge a ƙofar shaguna can Amurka. Wai har fafe ta suke yi, su yanka mata ido da baki, su ajiye a bakin ƙofa ranar 31 ga Oktoba! Na nuna wa Inna, ta riƙe haɓa ta ce, "Abincin ne ake wa haka?" Shawarar da kika bayar, cewa 'yar mujallarmu ta girki ta yi fitowa ta musamman don wannan lokaci kamar yadda suke yi, na karɓa. Sai dai ba zan bi tsarinsu ba. Su sanyi ne ke ƙarato musu, ganye na zuba, shi ya sa hankalinsu ke kan gashi da kayan zaƙi masu kirfa. Mu kuwa kakarmu lokacin shigowar amfanin gona ce, kuma a Oktoba zafi ma ake yi, hunturu sai can gaba.

Bara na ji jiki. Na zauna a ɗaki na tsara girkin Satumba, kusan duka mai cin tumatir, ban leƙa kasuwa ba. Lokacin kuwa tumatir na tsada, don na noman rani bai shigo ba. Wata baiwar Allah ta tare ni a gidan suna ta ce, "Hajiya, girkin naki na masu hali ne." Kunya kamar in nutse. Bana kafin in rubuta komai sai da na zagaya kasuwar 'Yankaba, na kuma sa aka tambayo mini a kasuwar Dawanau abin da ya fara sauka.

Fitowa uku na tsara. Ta farko ta miyar taushe ce, kuma a kanta na fi ɓata lokaci. Kowa na ganin ya iya ta, amma sau nawa kika ci wadda ta tsinke, ko tsamin yakuwa ya danne komai? Zan nuna yadda ake zaɓen kabewar da ta ƙosa, mai nauyi a hannu, mai jan ciki, wadda farce ba ya shiga ɓawonta da sauƙi. A dafa ta da nama har ta narke, a dama da ludayi, sannan a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a bar ta ta dahu sosai. Ganye shi ne ƙarshe: alayyafo da yawa, yakuwa kaɗan. Gyaɗar ma akwai magana, domin sabuwa tana da danshi, in ba a shanya ta ba sai ta yi ɗanyen wari a miya. Zan haɗa da funkaso, don na gaji da ganin taushe da tuwon shinkafa kullum.

Ta biyu wake ne da dankalin Hausa: fate, alala, da ɗanwake. Sabon wake ba ya buƙatar kanwa mai yawa, nan da nan yake nuna. Ta Nuwamba kuma ba girki ba ce sosai, tanadi ne: yanka kuɓewa a shanya, busar da zogale a inuwa, adana zoɓo. Wannan na san tsofaffi za su yi mini dariya, amma amaren yanzu da yawa ba su taɓa yi ba.

Abin da ya rage shi ne awo. Mu da gwangwanin madara da mudu muka saba, ku kuma kofi da sikeli. Ki taimaka ki gwada taushen da kabewarku ta can, irin doguwar nan mai wuya da kika ce ta fi kama da tamu, ki rubuto mini awon da ya yi miki daidai, da abin da kika sa a madadin yakuwa. Ina son ya iso kafin ƙarshen wata, don mai buga mana ba ya jira.

Kuka da daddawar da kika ce, na ɗaure su, ina jiran mai tahowa. Inna na gaishe ki. Ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Kano