Ba kowane katun ne na yara ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan abin da iyaye da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato finafinan katun masu ban tsoro. A wurinmu da zarar an ga zane yana motsi, shi ke nan, na yara ne. Uwa tana fama da girki, sai ta miƙa wa ɗan shekara huɗu waya don ta samu sarari. Masu tura finafinai a bakin kasuwa kuwa wuri ɗaya suke jibge su duka, mai ban dariya da mai firgitarwa, a tura maka jimla.

Ni malamar firamare ce. Akwai wata ɗalibata ’yar aji biyu da ta riƙa zuwa makaranta da riga a buɗe ta wuya. Da na tambayi mahaifiyarta, sai ta ce yarinyar ce ba ta yarda a matso kusa da ita da allura da maɓalli, kuka take yi har da shessheƙa. Ashe yayanta ne ya kunna musu Coraline, fim ɗin Amurka na 2009, inda wata yarinya ta bi ta ƙaramar ƙofa ta tarar da wata mata mai kama da uwarta sak, sai dai maɓallai ne a gurbin idanunta, kuma tana so ta ɗinka wa yarinyar irinsu. Fim ne da aka ƙware wajen yin sa, ɗan shekara goma sha biyu zai ji daɗinsa. Amma ita wannan me ta ɗauka? Cewa uwa tana iya rikiɗewa.

Na san za a ce ai mu ma da labarin Dodo muka tashi, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, kuma ban ce a raba yaro da tsoro gaba ɗaya ba. Sai dai mai ba da tatsuniya tana ganin fuskokinmu. In ta lura ƙaramin cikinmu ya fara maƙalewa a jikinta, sai ta sassauta murya, ta sako Gizo da Ƙoƙi a yi dariya, ta kai ga “ƙurunƙus” kowa ya san an dawo gida. Kuma kowane yaro shi yake zana Dodonsa a zuci, daidai yadda zai iya ɗauka. Fim ba ya duban fuskar kowa. Ya riga ya zana maka abin, ya haɗa da kiɗa mai tayar da tsikar jiki, sau da yawa kuma yaron shi kaɗai ne a ɗaki da fuskar waya.

Su kansu masu finafinan sun sha wannan muhawara. A Amurka koke-koken iyaye ne ya sa aka ƙirƙiro rukunin PG-13 a 1984, wato alamar gargaɗi ga iyaye cewa fim zai iya ƙin dacewa da ’yan ƙasa da shekara 13. A Birtaniya, hukumar tace finafinai ta ba Watership Down na 1978, katun ne na zomaye amma da jini da mutuwa a ciki, shaidar cewa kowa zai iya kallo. Aka yi ta ƙorafi, sai bayan fiye da shekara 40 ta mayar da shi rukunin PG, wato wanda ake so iyaye su sa ido. Ke nan gargaɗin yana nan, a hanya yake ɓacewa kafin fim ya iso wayar da ke hannun ’ya’yanmu.

Mu ma muna da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tun 1993, da alamominta masu nuna waɗanda fim ya dace da su, irin su G (na kowa da kowa) da PG da 12 da 15 da 18, ga kuma ta Jihar Kano. To amma matar da ba ta yi boko ba, me PG yake nufi a wurinta? Ko mu da muka yi, nawa ne muke dubawa?

Roƙona ga gidajen talabijin shi ne kafin su sa katun, a faɗa da baki, da Hausa, cewa wannan bai dace da ’yan ƙasa da shekara kaza ba. Masu fassara finafinai su ma su faɗa a farkon fim, tunda ba sa mantawa da sanar da sunan kamfaninsu. Masu turawa kuma su ware na ƙanana daban, ko su tambayi mai saye shekarun yaron. Ku ma Malam Edita, da za ku ware ɗan gurbi a shafin iyali duk mako kuna bayanin katun ɗaya ko biyu da shekarun da suka dace da shi, da mu malamai mun riƙa karanta wa iyaye a taron iyaye da malamai.

Na gode.

Wata malamar firamare, Zariya