Kira ga masu koyon Haskell kan tangarɗar da ba a kamawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin matasa masu koyon rubuta manhaja, musamman waɗanda suka rungumi harshen Haskell, kan wani kuskure da ya taɓa ba ni wahala ƙwarai.

A manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kowane aiki yana tafiya ne a kan zarensa (thread), wato layin gudanarwa nasa na kansa, kuma tangarɗar da ke katse zare iri biyu ce. Akwai wadda ke tasowa daga cikin aikin kansa, kamar a nemi fayil a tarar babu shi, akwai kuma wadda wani zare ke jefowa daga waje, irin ta umurnin killThread mai kashe zare da timeout mai katse aikin da ya wuce wa'adinsa, wadda ba kuskure ba ce ko kaɗan, umurni ne na a tsaya. Simon Marlow da Simon Peyton Jones da abokan aikinsu biyu ne suka bayyana tsarin wannan iri na biyu a 2001, kuma haɗarinsa shi ne yana iya isowa a kowane layi na aikin ba tare da sallama ba.

Na taɓa rubuta manhaja mai ɗauko bayanai daga intanet, na sa ta kama kowace tangarɗa ta hanyar SomeException, wato rukunin da ya haɗa dukkan ire-iren tangarɗa, ta rubuta ta, sannan ta sake gwadawa. Na kuma ɗibar mata wa'adin daƙiƙa 5. Da wa'adin ya cika, umurnin tsayawa ya iso, amma zaren ya haɗiye shi tamkar ƙaramar matsala ya koma bakin aiki, har zarurrukan da suka ƙi mutuwa suka taru suka cinye hanyoyin shiga rumbun bayanai. Sai da na kwana biyu ina bin sawu kafin na gano cewa tarkon da na ɗana da hannuna ne ya yi ɓarnar.

Laburaren safe-exceptions, wato wani tarin shiryayyun umurnai, wanda Michael Snoyman ya fitar a 2016 kuma ake samunsa a Hackage, ma'ajiyar laburaren Haskell a intanet, ya raba waɗannan iri biyu. Umurninsa catchAny yana kama tangarɗar cikin gida kaɗai, ya bar ta waje ta wuce, yayin da bracket ɗinsa ke tabbatar da an rufe fayil ko an saki makulli kafin zaren ya mutu. Sai dai a lura, lokacin wannan rufewar laburaren yana toshe duk wani umurnin katsewa, saboda haka wajibi ne aikin rufewa ya zama gajere, in ba haka ba manhajar gaba ɗaya na iya cijewa.

Ina kira ga malaman da ke koyar da wannan fanni su gabatar wa ɗalibai wannan bambanci tun ranar da suka fara koya musu ƙirƙirar zare da forkIO.

Wassalam,
Naku, wani mai rubuta manhaja