Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum, 'yan'uwa iyaye da masu riƙon yara.

Kamar yadda muka saba a farkon kowace shekarar karatu, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a madadinku, tun daga Satumbar 2024 har zuwa fitowar sakamakon jarrabawa a Agustan 2025. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji zai karanta shi da bakinsa a babban taro, da rasit a hannu. Nawa shi ne aikin da aka yi, da wanda aka so a yi bai yiwu ba, da abin da muka gano game da makarantar da 'ya'yanmu ke wuni a cikinta a nan Ingila.

Zan fara da tambayar da kusan duk sabon memba ke zuwa mana da ita: wai makarantar da ba a yin jarrabawar shiga, da gaske ana karatu a cikinta? Tambaya ce mai tushe, domin yawancinmu mun tashi ne a inda sai yaro ya ci jarrabawa ake ba shi gurbi a sakandare mai kyau. Ingila ma haka take a da. Bayan dokar ilimi ta 1944, ana yi wa yaro jarrabawa yana ɗan shekara 11, wanda ya ci ya tafi makarantar girama, wato grammar school, saura a tura su wasu makarantun da ba kasafai suke kai mutum jami'a ba. A 1965 ne sakataren ilimi na lokacin, Anthony Crosland, ya nemi ƙananan hukumomi su koma tsarin makarantar kowa-da-kowa, wadda ke karɓar yaran unguwa ba tare da ta auna ƙwaƙwalwarsu a bakin ƙofa ba. Yau makarantun girama 163 suka rage a Ingila, da dama daga cikinsu a yankuna irin su Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire. Mafi yawan yaran ƙasar, har da ɗimbin waɗanda suke zama likitoci da injiniyoyi, daga makaranta irin tamu suke fitowa.

Sai dai abin da wannan shekara ta ƙara tabbatar mana shi ne, tantancewar da aka ɗauke daga bakin ƙofa tana nan a cikin gida, kuma a hankali ake yin ta, ba ganga ba shela. A nan ne kwamiti ya zuba mafi yawan ƙarfinsa, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Rukuni da matakin takarda

Tun daga aji 7, wato ajin farko na sakandare, ko aji 8 makaranta ke raba yara rukuni-rukuni a darasin lissafi, daga baya kimiyya ta biyo. Yaro zai dawo gida ya ce an sauya masa aji, uba ya ce to, a wuce wurin. Alhali wannan sauyin ne ke share hanyar wace takarda zai zauna a GCSE, wato jarrabawar ƙarshen aji 11, wadda makinta ke tashi daga 1 zuwa 9. Lissafi da kimiyya da harsunan waje kowannensu takarda biyu ce. Ta matakin ƙasa, komai ƙoƙarin yaro, ba za ta ba shi sama da maki 5 ba. Ta matakin sama ita ce ke kai wa har 9, amma wanda ya zauna ta bai shirya ba zai iya fitowa ba shi da maki ko ɗaya. Makarantu da dama kuma sai yaro ya kawo 6 ko 7 suke barinsa ya ɗauki lissafi a A-level, karatun aji 12 da 13 da ake shiga jami'a da shi. Ke nan yarinyar da aka rubuta wa takardar ƙasa an rufe mata wannan ƙofa tun kafin ta ɗauki biro.

A zaman da muka shirya kan wannan batu a zangon farko, mun tambayi iyayen 'yan aji 10 da 11 ko sun san matakin da aka sa 'ya'yansu. Hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Babu wanda muka zarga, domin rashin sani ya fi dare duhu, kuma takardun da makaranta ke aikowa cike suke da gajerun haruffa da lambobi waɗanda ko wanda aka haifa a nan sai ya nemi a fassara masa. Daga nan muka rubuta 'yar takarda da Hausa mai tambayoyin da ya kamata kowa ya yi wa malami a daren ganawa da iyaye: wane rukuni yake, wace takarda ake shirin rubuta masa, me zai nuna kafin a ɗaga shi, kuma yaushe ake sake duba rabon. Ana shigar da sunayen masu jarrabawa ne a watan Fabrairu, saboda haka sakamakon jarrabawar gwaji ta lokacin sanyi nauyinsa ya fi yadda yara ke ɗauka.

Wata uwa daga cikinmu ta yi aiki da wannan takarda. Ɗanta ya zo ƙasar nan yana aji 8, Turancinsa bai nuna ba, aka ajiye shi a rukunin ƙasa a lissafi, alhali lissafin ba shi ne matsalarsa ba, karanta tambayar ne ke ba shi wuya. Mun raka ta wurin shugaban sashen. Ya saurare ta da kyau, ya sa aka sake gwada yaron, aka ɗaga shi. Na kawo wannan ne don a san malaman ba abokan gaba ba ne. Malamin da ke koyar da azuzuwa biyar ko shida, kowanne da yara kusan 30, wanda iyayensa suka yi magana shi zai fara waiwaya. A gefe guda kuma mun ga uban da ya dage sai an sa 'yarsa a matakin sama, malama ta nuna masa ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, ya gamsu cewa 5 a hannu ta fi 7 ta fatar baki. Shi ma ya yi daidai.

Haka zancen yake a zaɓen darussa na aji 9. Mun yi zama na musamman, muka bayyana bambancin kimiyya haɗaɗɗiya, mai darajar GCSE biyu, da ta rarrabe mai uku. Iyaye da yawa sun shigo da fargabar cewa haɗaɗɗiyar ta hana yaro karatun likita. Ba ta hanawa, muddin ya samu maki mai kyau ya ci gaba da kimiyya a A-level. Mun kuma roƙi iyaye su daina yi wa darussan fasaha da zane da kiɗa kallon wasa. Akwai yaran da waɗannan darussan ne ke sa su tashi da safe da son zuwa makaranta.

Yadda za a auna makarantar

An sha jefo mana jadawalin jaridu a zauren WhatsApp na ƙungiya, ana cewa ga makarantarmu can ƙasa da ta girama. Wannan awo bai yi adalci ba. Makarantar da ta zaɓi yaranta da jarrabawa dole sakamakonta ya yi sama. Tamu kuwa a aji guda akwai mai neman 9 a komai, akwai mai buƙata ta musamman, akwai wanda ya sauka ƙasar a watan jiya. Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Progress 8, wanda aka fara a 2016: ana ɗaukar sakamakon yaro na ƙarshen firamare, a kwatanta abin da ya samu a darussa takwas da na takwarorinsa da suka tashi daga mataki ɗaya a faɗin ƙasa. Sifili shi ne tsaka-tsaki, abin da ya haura sifili alama ce makarantar ta ƙara wa yara wani abu. Sai dai ku sani, babu wannan adadi ga 'yan jarrabawar 2025 da 2026, saboda annobar korona ta hana su yin jarrabawar ƙarshen firamare a 2020 da 2021. Duk wanda ya turo muku wani adadi da sunan na bana, ku tambaye shi inda ya samo.

Ofsted, hukumar da ke duba makarantu, ita ma ta sauya. Tun Satumbar 2024 ta daina yanke wa makarantun gwamnati hukunci da kalma ɗaya, kuma aka tsara sabon tsarin katin rahoto ya fara aiki a Nuwamban 2025. Ra'ayin kwamiti shi ne hakan ya fi, domin kalma ɗaya ba ta taɓa gaya wa uwa ko ana cin zalin ɗanta a filin wasa ba.

Sakamakon GCSE ya fito ranar Alhamis, 21 ga Agusta. Wasunmu sun je makarantar da sassafe don kada wani yaro ya buɗe ambulan ɗinsa shi kaɗai. An yi murna, an kuma yi kuka. Ga waɗanda ba su kai maki 4 a Turanci ko lissafi ba, ƙa'ida ta ce su ci gaba da karanta darasin bayan aji 11, kuma muna roƙon iyayensu da babbar murya kada a mayar da abin gori a gida. Mun taimaka wa iyalai kaɗan neman a sake duba makin takarda, bayan mun gargaɗe su cewa makin zai iya hawa, zai iya kuma sauka.

Fashi da tara

Wannan shi ne wurin da muka fi shan wahala, kuma ba zan ɓoye ba, ba mu yi nasarar da muka so ba. Daga Agustan 2024 tarar fashi ba izini ta koma fam 80 idan an biya cikin kwana 21, ta ninka zuwa 160 idan an wuce, kuma kowane mahaifi ake ci a kan kowane yaro. Mata da miji masu yara uku, fam 480 ke nan a mafi sauƙi. Kwana biyar na fashi cikin mako 10 sun isa a fara duba batun. Karo na biyu cikin shekara uku babu ragi, na uku kuma zance na iya kai wa kotu. Mun san dalilin da ke sa mutum ya ɗauki yara ya tafi gida ana tsakiyar zango: tikitin jirgi lokacin hutu tsada gare shi, ga tsofaffi da ke son ganin jikoki. Amma kwanakin makaranta 190 ne a shekara, wanda ya rasa 19 ya shiga jerin masu yawan fashi, kuma darasin da aka wuce ba a dawo masa da shi. Mun yi shela, mun bi wasu gidaje, duk da haka an ci wasunmu tara. Idan rasuwa ce ko wata lalura, a rubuta wa shugaban makaranta tun kafin a sayi tikiti. Ranar idi kuwa tana cikin fashin da doka ta yarda da shi, in dai an sanar. Babbar Sallar 2025 ta faɗo ne a farkon Yuni ana tsakiyar jarrabawa, kuma jarrabawa ba a ɗage ta, don haka muka tunatar da iyayen 'yan aji 11 tun da wuri.

Sauran al'amura

Darasin ranar Asabar ya ci gaba, manyan yaranmu da ke aji 12 da 13 da na jami'a suna koyar da ƙannensu kyauta. Allah ya saka musu da alheri. Matsalarsa ɗaya ce, waɗanda suka fi buƙatarsa su suka fi ƙaurace masa.

Mun nemi ɗakin da yara za su yi sallar azahar a lokacin sanyi, sa'ad da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, makaranta ta bayar, da sharaɗin wani malami ya riƙa sa ido. Kan abincin rana kyauta, har yanzu akwai masu haƙƙi da kunya ke hana su cika fom. Don Allah a cika. Bayan abincin, kowane yaron da aka yi wa rajista yana jawo wa makarantar ƙarin sama da fam 1,000 a shekara daga gwamnati, kuɗin da ake ɗaukar masu taimaka wa yara da shi. Daga Satumbar 2026 kuma duk gidan da ke karɓar Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, zai cancanci abincin.

Batun tabar lantarki ya taso a ganawarmu da mataimakin shugaban makaranta. An haramta sayar da ta yi-ka-yar tun 1 ga Yunin 2025, amma ba ta ɓace daga aljihun yara ba, kuma namu ba su fita daban ba. An samu ƙorafin kalaman wariyar launin fata daga wani ɗalibi. An hukunta shi, sai dai jinkirin da aka yi kafin a sanar da iyayen yarinyar bai yi mana daɗi ba, kuma mun faɗa a rubuce.

Abin da muka sa a gaba muka kasa shi ne samun ɗan ƙungiya a majalisar gwamnonin makaranta. Kujerar wakilin iyaye ta buɗe, aka aiko da sanarwa, babu wanda ya tsaya daga cikinmu. A can ake duba kasafi da dokar ladabtarwa da sakamakon kowane sashe. Ba a neman digiri, ana neman mai lokacin karanta takardu da halartar zama. Kwamiti zai tsaya wa duk wanda ya fito, namiji ko mace.

Masu yara a aji 6 na firamare su tuna 31 ga Oktoba ce ranar rufe neman gurbin sakandare, amsa kuma tana fitowa a farkon Maris. A cika duk guraben zaɓi da ke kan fom ɗin, kada a rubuta makaranta ɗaya tak. Za mu zauna da kwamfuta bayan babban taro don taimaka wa mai buƙata. A taron ne kuma za a zaɓi sabon kwamiti, don haka kowa ya zo da sunan wanda yake so, ya kuma zo da rahoton ɗansa na ƙarshen zango mu duba tare.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa