Alaji, kar ka hau taksi daga Narita

Assalamu alaikum mutumina,

Alaji Sani na Ƙofar Ruwa, ya gida ya kasuwa, ya jikin Hajiya? Na ga saƙonninka har guda bakwai, da muryar nan ta minti huɗu da ka turo kana ta faɗa wai na zo Japan na yi kuɗi na daina ɗaukar waya. Wane kuɗi? Lokacin da kake kira bayan la'asar ɗinku, nan sha biyun dare ta yi, awa takwas ce tsakaninmu, na sha gaya maka amma Bakano in magana ta cika masa ciki ba ruwansa da agogo.

Barka da samun biza, wallahi na yi murna. Sai dai ka yi haƙuri, ranar da za ka sauka ba zan iya zuwa tarbarka ba. Washegari da sassafe nake gabatar da aikina gaban farfesa da sauran malamai, kuma Narita ɗin nan suna ne kawai filin jirgin Tokyo, a wata jiha yake, Chiba, wajen kilomita 60 daga tsakiyar gari, ni kuma ina can yamma a Koganei, zuwa da dawowa ya cinye min awa huɗu. Abin ya dame ni, kwana biyu ina juya shi, don na san halinka, kana fitowa da akwati biyu za ka ɗaga hannu ka tsayar da taksi kamar kana Bata. Don girman Allah kar ka yi. Kuɗin ya haura yen 20,000, in dare ya yi ma su ƙara kaso 20 cikin ɗari. Ribar injin mota guda ke nan ka zubar kafin ka ga injin.

Tunda Ethiopian ka biyo, za ku ɗan tsaya a Koriya, ku sauka a Terminal 1 da daddare. Ka gama da 'yan shige da fice, ka ɗauki kaya, sai ka bi alamar jirgin ƙasa ka sauka ƙasa, tashar a ƙarƙashin ginin take. Za ka ga kantar tikiti biyu na kamfanonin jirgin, ta JR da ta Keisei. Kai da masaukinka ke Ueno, ta Keisei za ka, ka ce musu Skyliner, Ueno, shi ke nan, ko ba ka ƙara kalma ba sun gane. Yen 2,500 da ɗan abu, minti arba'in da kaɗan, kujerarka da lamba a jikin tikiti, ga wurin ajiye akwati a bakin ƙofa. Akwai na talakawa irina a layin Keisei ɗin, yen 1,000 da 'yan kai, amma ya fi awa ɗaya yana tsaye-tsaye, kuma bayan kwana guda a sama ban ga dalilin wannan tsumulmular ba. Narita Express na JR ma yana nan, shi tashar Tokyo da Shinjuku yake yi, ba hanyarka ba ce. Kar dai ka tsaya ɗaukar hoto da kiran amarya har jiragen su ƙare.

Kafin ka bar wurin ka sayi katin Suica, akwai na baƙi ja mai furanni, Welcome Suica, kwana 28 yake yi, ba a ajiye komai a kansa amma abin da ya rage a ciki ba a dawo maka da shi, don haka kar ka yi masa lodin alhazai, yen 3,000 ta isa farawa. Ɗora shi kawai kake yi a ƙofar shiga ya yi ƙara, ka ɗora a ta fita ya cire kuɗin nisan da ka yi. Jirgin ƙasa na fili, na ƙarƙashin ƙasa, bos, shagon kwana-buɗe da suke ce wa kombini, har injin lemo, duk yana yi. In kuɗi ya gaza ƙofar za ta rufe a gwiwarka ta yi jar wuta, kar ka tsorata kar kuma ka tsallake, akwai inji a gefe ka zuba tsabar kuɗi ka ƙara. Masu iPhone a waya suke sa katin, Tecno ɗinka kuwa ko ka yi mata tofi ba za ta ɗauka ba. Ka riƙe takardun yen a aljihu.

Af, wai da gaske ne Bala Dogo ya sayar da shagon nan na kusa da masallaci ya koma harkar fili? Mutumin da ko kan iyakar gidansu bai sani ba. Kuma na ji an ce Ɗanliti ya fasa, bayan lefen da muka yi ta karo-karo? Ka ce masa ina bin sa dubu ashirin ɗina, in ba aure a dawo da kuɗin jama'a.

To cikin gari. Taswirar jiragen nan in ka kalle ta gaba ɗaya kanka zai yi ciwo, kamar an kifar da kwanon taliya, na ƙarƙashin ƙasa kaɗai layi 13 ne na kamfani biyu, ban da JR da sauran masu zaman kansu. Kar ka kalle ta. Layi ɗaya za ka riƙe, Yamanote, mai kore, da'ira yake yi, tasha 30, awa ɗaya da 'yan mintuna ya zagayo inda ya taso. Ueno na kansa, Akihabara, Tokyo, Shibuya, Shinjuku, Ikebukuro, duka. Duk minti uku zuwa biyar wani ya zo, saboda haka ba a gudu, in ya tafi ka bar shi. Ko ka hau na baya-baya ma zai kai ka, lokaci kawai za ka ɓata. Kowace tasha tana da harafi da lamba, kuma ana faɗa da Turanci, ga allo a saman ƙofa. Wurin mutanen naka 'yan Fakistan masu yadin motoci a Yashio, daga Akihabara za ka canja zuwa Tsukuba Express, wani kamfani ne daban amma katin nan dai shi ne, minti ashirin ka isa. Ka ce su zo tasha da mota su ɗauke ka, yadikan ba a bakin tasha suke ba.

Abu ɗaya, ka rufa min asiri: ba a waya a cikin jirgi. Ba wanda zai ce maka uffan, ai da sun yi magana da ya fi sauƙi, shiru kawai za ka ji ya ƙara nauyi. Kai da in kana ciniki a waya ana jin ka daga Ƙofar Ruwa har Kurna, ka danne. A bakin jirgi akwai zane a ƙasa inda ake layi, masu fita su gama fita tukuna. A matakala mai tafiya ka tsaya hagu ka bar dama ga masu sauri. Da safe tsakanin bakwai da rabi zuwa tara kar ka fito da akwati, matsin da ake yi a lokacin ko ɗawafi sai haka, kuma a wannan lokacin akwai tarago na mata zalla mai alama ruwan hoda a ƙasa, ka duba ƙafarka kafin ka shiga.

Juma'a in sha Allah tare za mu yi a Tokyo Camii, masallacin Turkawa, ginin yanzu a 2000 aka buɗe shi, sai ka gani da idonka. Tashar Yoyogi-Uehara, minti biyar a ƙafa. Daga Ueno ka taka zuwa tashar Yushima ka hau layin Chiyoda har ƙarshensa, C01, can za mu haɗu. Na zaɓa maka wannan ne don kar ka bi ta Shinjuku kai kaɗai. Tashar nan mutum sama da miliyan uku ke ratsa ta kullum, ƙofofin fita sun fi 200, watana na farko na yi minti arba'in ina neman ƙofar yamma, sau uku ina wuce mai sayar da burodi ɗaya har ta fara yi min murmushi.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa a gida ba, kuma in na ji shi a majalisa na san inda ya fito.

Watan Janairu ne, ana tsakiyar sanyi. Na je Shin-Okubo, nan ne layin shagunan halal yake, tasha ɗaya daga Shinjuku, na sayi shinkafa kilo biyar da kaji biyu daskararru. Na haɗu da wani ɗan Zangon Kumasi da muke gaisawa a masallaci, Hausarsa ta ba ka dariya amma mutumin kirki ne, ya ja ni cin biriyani, hira ta yi daɗi, ban duba agogo ba sai sha biyu saura. Jiragen nan fa ba kwana suke yi ba, tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya komai ya tsaya sai asuba. Na yi ta sauri da shinkafa a kafaɗa, na samu layin Chuo, mai ruwan lemo, cikin na ƙarshe-ƙarshe. A Nakano wani ya tashi na zauna. To kujerun nan lokacin sanyi akwai hita a ƙarƙashinsu, ɗumi yana ratsa ka ta ƙafa, ga ciki cike da biriyani, ga jirgi yana lilo. Na ce bari in ɗan lumshe ido, tasha nawa ce.

Sai ji na yi ana taɓa kafaɗata. Wani ma'aikaci da farar safar hannu ya sunkuyo yana cewa shuten desu, shuten desu, wato ƙarshen layi ke nan. Na leƙa na ga an rubuta Takao. Alaji, Takao gindin dutse ne, inda mutane ke zuwa hawan tsauni ranar hutu, na wuce tashata da fiye da kilomita ashirin, ƙarfe ɗaya ta gota, jirgin komawa babu. Na fito, iskar da ta mare ni ko hunturun Samaru albarka. Waya saura kaso tara. Ga taksi a jere suna jira, direbobin sun san irinmu, na lissafa abin da ke aljihuna na ga ko rabin hanya ba zai kai ni ba.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, ba ni kaɗai ba ne. Mun kai mu shida, sauran duk Japanawa cikin kwat da jakar ofis, ɗaya har lokacin bai gama farkawa ba yana tsaye yana gyangyaɗi. Ba wanda ya kalli wani, kowa ya ji da kunyarsa. Na nufi injin lemo, masu jan rubutu a ƙasa zafi ne masu shuɗi sanyi, ka riƙe wannan, na ɗora kati gwangwanin shayi ya faɗo da zafinsa, ban ma sha ba sai da na gama ɗumama hannu da shi, na tura ɗaya cikin riga. Na shiga kombini na yi ta zagaye ina karanta bayan kwalaye kamar mai iya karatun, in na ga na daɗe in sayi ayaba ɗaya in fita in dawo. Wajen ƙarfe uku 'yan sanda biyu suka zo a keke, suka nemi katin zama, na miƙa, suka ga shinkafa suka ga kaji, babban ya ce Chuo? na ce Chuo, ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya rusuna suka wuce. Kai fasfonka za ka riƙa yawo da shi ko'ina, doka ce. Kajin kuwa ko alamar narkewa ba su yi ba, waje ya fi firij.

Wajen huɗu da rabi jirgin farko ya tashi, a tsaye na yi tafiyar duk da kujeru fayau, na isa ɗaki daidai asuba. Sai da na zo shafar kai a alwala na ji wayam, hula babu. Zanna Bukar ɗin nan da ka ba ni a filin jirgi. Wallahi ta fi daren ci min rai. Na je tasha da rana na nuna musu hotona da ita, mutumin ya tambayi lokaci da layin, ya buga a kwamfuta, bayan kwana biyu na je na karɓo ta cikin leda da 'yar takarda a maƙale, ko karinta bai lotsa ba. Na sa hannu, na fito da kuɗi don godiya, ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Ita ce a kaina yanzu haka.

In za ka zo wurina, tashar Musashi-Koganei ce a layin Chuo ɗin, ka hau wanda aka rubuta Rapid, wanda aka rubuta Special Rapid wuce mu yake yi ba ya ko waiwaye. Kuma ka tsaya a tsaye.

Na tuna, kilishin da ka ce za ka taho min da shi, na yafe. Nama kowane iri haramun ne shigo da shi nan, busasshe ko dafaffe, dambu ma haka, akwai karnuka masu shinshina a wurin ɗaukar kaya, tarar tana iya kaiwa yen miliyan uku. Ka ci rabona a Addis. Yaji da kuka dai ka taho da su, in sun tambaya ka buɗe ka nuna musu, ka ce wa Hajiya kukar ta Zariya nake so ba irin taku mai yashi ba.

Akwai wani abu da ka tambaya a ƙarshen muryar nan, kamar batun kwantena ko canjin dala, na manta, kuma in na sake kunna ta sai na sake jin zagin daga farko. Ka rubuto shi. Kana zama a Skyliner ka turo min lambar kujerarka in san ka shiga, ba zan yi barci ba sai na gani. Ka gaida Hajiya da su Ummi, da Bala Dogo dillalin filaye.

Naka,
Habu