Dan Allah a fara fitar da hanyar ruwa kafin a yanka fuloti

Malam Edita, assalamu alaikum. A taimaka min da ɗan fili in yi magana kan yadda ake yanka sabbin unguwanni a nan Gombe, don abin kam ya fara wuce gona da iri.

Tun da aka ba mu jiha a 1996 garin nan yake buɗewa, ga kuma 'yan uwanmu na Borno da Yobe da Adamawa da rikici ya koro suka zauna tare da mu, yanzu gonakin da muka sani ta wajen Tumfure da hanyar Dukku da hanyar Bajoga duk sun zama gidaje. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin awon. Mai gona zai kira dillali, dillali ya zo da tef da igiya da yara biyu masu buga turaku, a yi ta yanka hamsin da ɗari, hamsin da ɗari, har gonar ta ƙare, sai abin da ya rage a ce shi ne hanya, saboda a lissafinsu duk ƙafa ɗaya da aka bar wa layi kuɗi ne aka zubar. To ka saya ka zo gini, kai ma ka ɗan ci gaba da taku biyu, maƙwabcinka ya fito da dakali, na gaba ya haƙa sokawe a waje, wani ya manna shagon caji, shi ke nan layi ya zama lungu. Akwai unguwar da na je gaisuwar rasuwa, wallahi Keke Napep biyu ba sa iya gifta juna, tifa kuwa a bakin titi take juye yashi yara su yi ta jido da baro. Na tsaya ina tunanin ranar da gobara za ta tashi a can ciki, Allah ya kiyaye, ta ina motar kwana-kwana za ta bi?

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ruwa. Gombe gari ne da ke zaune a kwari, ta yamma tudu ne, ruwa daga can yake gangarowa ya ratsa gari ya yi gabas, ƙasarmu kuma yashi ce, ba ta da riƙo ko kaɗan. Lokacin da saman nan yake gonaki ƙasa ce ke shanye rabin ruwan, yanzu ko'ina rufin kwano ne da siminti da intalok, duk ɗigon da ya sauka sai ya nemi hanya, kuma idan ba a yanka masa ba shi zai yanka da kansa. Ƙaramin rami ne yake farawa a tsakiyar layi, wanda yaro ke tsallakewa, damina uku huɗu sai ka ga katangar mutum a rataye, tushen ginin a waje. Waɗanda suka ga ambaliyar 2004 ba sai an ba su labari ba. Kwarin nan da ya taso ta jami'ar jiha ya bi Malam Inna zuwa Kagarawal sai da aka haɗa da kuɗin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa kafin aka ɗaure shi, biliyoyi aka kashe, an gode ƙwarai, amma fa muna gyaran na ƙasa ana can sama ana haƙa mana sababbi da igiya. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane.

Doka ai tana nan. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa amanar ƙasa a hannun gwamna, ga hukumar kula da bayanan filaye ta jiha GOGIS, ga hukumar tsara birane GOSUPDA, saboda haka roƙona gare su shi ne kada a bar kowa ya sayar da fuloti ko ɗaya sai safiyo ya auna gangaren wurin, an ga inda ruwa ke bi tun asali, an bar masa wurinsa da faɗi, an nuna inda kwalbati zai zauna da inda kwatar kowane layi za ta zuba. Bayan nan a fitar da manyan hanyoyi da ƙanana a kafa musu shaida ta kankare, sannan a zo kan filayen jama'a, makaranta da asibitin sha-ka-tafi da masallaci da maƙabarta da wurin taransfoma da inda yara za su buga ƙwallo. Gidaje su zo a ƙarshe. Kuma a kafa taswirar a kan allo a bakin unguwa kowa ya gani, don mun sha ganin filin da aka ce na makaranta ne, a kwana a tashi sai ka tarar an zuba bulo wai wani babba ya saya. Ko shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green, ina za a dasa dogon yaro a layin da mutum da babur ma sai an kauce?

Su ma rukunin gidajen da gwamnati ko kamfanoni ke ginawa ina da ƙorafi a kansu, ko da yake su kam suna da titi. Ana jera su kamar bariki, ba zaure, ba tsakar gida, baƙo na sallama yana kallon tukunyar matar gida, kuma ba a bar wurin ƙara ɗaki ba alhali an san iyalinmu ƙaruwa suke. Shi ya sa ana raba makulli kowa ke kiran birkila. Ga bohol ɗin wannan jingine da sokawen wancan, ruwan kuma shi ake sha.

Na san za a ce talaka ba zai iya sayen awon gwamnati ba, gaskiya ne yana da tsada kuma takarda na jan lokaci, to a sauƙaƙa kuɗin amincewa da taswira a rage zirga-zirgar ofis, don mai gona ya ga bin ƙa'ida ya fi masa sauƙi. Mai saye kuma dan Allah kada ya biya a watan Maris lokacin da ko'ina a bushe yake, ya bari sai Agusta ya je bayan an ɗauke ruwa ya ga filin da idonsa.

Malam Edita, in da hali ka turo wakilinku cikin damina ya zaga sabbin unguwannin bayan gari da kyamara, amma ya zo a kan babur, mota ba za ta shiga ba.

Naku,
Mai karatu daga Gombe