Kafin ka faɗa musu farashin awarka

Ɗana, assalamu alaikum. Mahaifiyarka da ƙannenka suna lafiya, suna gaishe ka.

Na ji ka ajiye aikin albashi, za ka riƙa karɓar riƙon ƙwarya a fannin lissafin kuɗi, inda mai kujera ya tafi hutu ko jinya ka zauna masa wata biyu ko uku. Allah ya sa albarka. Abin da ya hana ni barci shi ne farashin da ka yanka. Ka ɗauki tsohon albashinka, jika 300, ka raba da awa 173 na wata, ya ba ka kusan sefa 1,700. Ɗana, wannan lissafin zai cinye ka.

Mai albashi ana biyansa ranar salla, ana biyansa yana kwance da zazzaɓi, ana zuba masa rabon CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, kwamfuta da wutar ofis duk na maigida ne. Kai yanzu duk wannan yana wuyanka.

Fara daga shekara. Jika 300 sau 12, miliyan 3 da dubu 600 ke nan. Ƙara jika 100 kowane wata don mai na babur, intanet, wuta, magani, lampo da ajiyar tsufa: miliyan 4 da dubu 800. Sai ka ƙirga ranakun da za a biya ka da gaske. Cire Asabar da Lahadi, saura 261. Cire salloli da hutun gwamnati, cire jinya, sannan babbar ɓaraka: makonnin da ke tsakanin kwangila da kwangila, kana yawo daga ofis zuwa ofis da takardu a hammata, babu mai ba ka ko dala. A nan Damagaram ayyukan ba su kai na Yamai yawa ba, don haka kar ka sa rai da fiye da kwana 150. Sau awa 8, awa 1,200. Raba ka gani: jika 4 a awa, jika 32 a yini. Ƙasa da haka, daga aljihunka kake ciko.

Kar kunya ta kama ka wurin faɗa. Faɗi adadin ka yi shiru. In sun ce ya yi tsada, rage kwanaki ko rage aikin, kar ka rage farashin, don wanda ya same ka da arha sai ya sanar da na kusa da shi. Kwangilar wata shida kaɗai ta cancanci ɗan sassauci, tunda ta toshe maka zaman banza.

Komai a rubuce, ko da ɗan unguwarmu ne a Birni. A sa ko farashin ya haɗa da TVA, lampon da ake ɗorawa kan farashi, wato kashi 19 cikin 100, a sa ko za su cire wani lampo kafin su biya ka. Nemi lambarka ta NIF, wato lambar mai biyan lampo, tun yanzu, manyan ofisoshi ba sa son takardar biya da babu ita. In za su tura ka Tanut ko Gure, awannin hanya aiki ne, mota da masauki nasu ne. Karɓi kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku, sauran kada ya wuce kwana 30. Riƙe littafi kana rubuta awanninka kullum, shugaban sashe ya sa hannu duk ƙarshen mako, tun bai manta ba.

Kawo takardar kwangilar ranar Juma'a bayan masallaci mu duba tare kafin ka sa hannu.

Mahaifinka.